Babu Dutse a Marken Bube

Bangon da ya raba gidan Ruqayya da na iyayenta bai fi kaurin tafin hannu ba. Tun kafin ta sauke butar shayi ta gane cewa maganar baƙon nan ce ta sake tashi.

"Kai ka ce a nemo," in ji muryar mahaifiyarta, Khadijatu. "Tun ina amarya kake cewa a nemo, a nemo. To ga shi 'yarka ta nemo. Yanzu kuma me ya faru?"

"Ba abin da ya faru. Cewa na yi Juma'a ba ranar baƙi ba ce."

"Ya salam! A Makka? Wace rana ce ba ta baƙi ba a garin nan?"

"Wa ya san wanga mutum? Kowa ya sauka jirgi sai ya ce shi ɗan garinmu na, don ya ci shinkafar banza."

"Shinkafar da ka yi shekaru kana ɗauka a ka kana raba wa Yarabawa da mutanen Gana? Awwalu, ka ji tsoron Allah."

Can sai ga ƙarar kaset yana shiga cikin tsohon bidiyo, sai kuma wata busa mai zurfi, kamar algaitar da ta yi mura. Ruqayya ta ajiye butar. Da wannan busa mahaifinta ke rufe kowace gardama tun tana rarrafe, kuma duk unguwarsu ta Mansur an san ta. Masu tsire na ƙasan benen ma in suka ji, sai su ce Baba Awwalu ya tafi gida.

Gidan da suke nufi sunansa Marken Bube, wani ƙauye a ƙasar Sakkwato, kuma Awwalu bai taɓa taka shi ba. Mahaifinsa Lurwanu ne ya fito daga can da matarsa tun zamanin Turawa, ya ce wa ƙaninsa bari ya je ya sauke farali ya dawo. Suka ratsa Chadi a ƙasa, inda guzuri ya ƙare su tsaya su yi ƙwadago, inda ya samu su ƙara gaba. A wata gonar auduga ta Sudan aka haifi Awwalu. Yana da wayo sanda suka hau jirgin ruwa daga tashar Sawakin, ya tuna warin kifi da amai, ya tuna mahaifiyarsa ta ɗaure shi da zane a ƙugunta don kada ya faɗa teku. Lurwanu ya yi hajji, ya sake yi, ya kafa tukubar tsire a Mansur, maganar komawa ta zama ta baɗi. Mutum ne mai tsadar magana. Abin da ya bar wa ɗansa na garinsu bai cika cokali ba: akwai marke a bakin kasuwa, akwai rijiya mai ruwan daɗi, kuma in damina ta sauka ƙasa tana yin wani ƙamshi da babu shi a nan. Shi ke nan. Aka rufe shi a Makka da sauran labarin a cikinsa.

Awwalu bai gaji tukuba ba, hayaƙi na tayar masa da tari. Ya tafi Jidda ya kama koyon gyaran mota a garejin wani Kirista ɗan birnin Halab, Usta Hagob, ɗaya daga mutanen Armeniya waɗanda Larabawa ke kira Arman. Gajeren mutum ne mai gashin gira kamar tsintsiya, mai zagi da harsuna huɗu, wanda zai kasa kunne ga inji ya faɗi ciwonsa kafin a buɗe. A lokacin babu gidan silima a ƙasar. Usta yana da bidiyo a ɗakin bayan gareji, da kasa-kasai da yake shigowa da su cikin kayan sawa duk sanda ya dawo hutu. In an tashi aiki sai ya kulle ƙofa, ya saka ɗaya, ya zauna a kan taya. Wata rana Awwalu ya koma ɗaukar mukullinsa, ya tarar da mutumin da duk gareji ke tsoro yana share hanci da tsumman baƙin mai.

Usta bai kore shi ba, sai ma ya tura masa wata tayar da ƙafa.

Finafinan ba su da faɗa, ba su da rawa irin ta Indiya. Tsofaffi ne ke zaune suna kallon nesa, da mata masu manna gurasa a tanderun ƙasa, da majami'un dutse da ba su da rufi, ciyawa ta fito a tsakiyarsu. A kusan kowanne akwai wani dutse mai farin kai, ƙato, yana tsaye a bayan komai. Usta ya yi masa bayani da Larabcinsa na Halab: dutsen nasu ne, a ƙarƙashinsa aka haifi kakanninsu, amma yau yana hayin iyaka, suna ganinsa daga taga, ba su isa su taɓa shi ba. An kashe na kashewa, an koro sauran cikin hamada. Kakarsa a ƙasa ta iso Halab, ta fito da 'ya'ya da yawa, ta iso da ɗaya.

"A ƙasa?" in ji Awwalu. "Mu ma a ƙasa munka zo."

Fim ɗin da ya fi kama shi na wani tsoho ne mai kiwon zuma. Duk bazara sai ya kwashi amyoyinsa a keken doki ya jera su a gindin wayar iyaka, don ƙudan su tsallaka su sha furen ƙauyen da aka kori iyayensa, su dawo. In ya ɗebi zumar ba ya sayarwa, ba ya ba kowa. Yana lasa da ɗan yatsa yana rufe ido. A nan ne Usta ya waiwayo ya ga almajirinsa ya sunkuyar da kai.

"Ya Awwal, kai kuma fa? Kana zaune inda mutane ke sayar da gona don su gani sau ɗaya. Me aka yi maka?"

Awwalu ya mayar da idonsa kan talabijin.

Ranar Alhamis, in Awwalu zai je gida Makka, Usta kan rage masa hanya zuwa Shumaisi, inda allo yake nuna wa wanda ba Musulmi ba hanyar da zai kauce. Nan yake taka birki, ya leƙa tsaunukan da ke gaba, ya ce, "Sauka, ya hajji. Ni iyaka ta san fuskata duk inda na je." Da ƙarfinsa ya ƙare ya koma Halab, ya bar wa Awwalu akwatin sifanu da bidiyon da kasa-kasan. Sun yi waya na 'yan shekaru, daga baya lambar ta daina shiga.

Awwalu ya dawo Makka ya buɗe ɗan garejinsa a Hindawiyya, ya yi aure, ya haifi Ruqayya da ƙannenta. Kasa-kasan babu fassara a jikinsu, shi kuma bai san ko kalma biyar ta Armaniyanci ba. Sai ya riƙa rage murya yana ɗora tasa. Ya tara yara a gaban talabijin, ya nuna tsohon mai zuma ya ce wannan ƙanen kakanku na, Baffa Sanda. Waccan mai gurasa Inna Kulu ce, masa take toyawa. Waɗannan da ke gardama a kan bango, iyakar gona suke yi. Yana sa musu baki da Sakkwatancin da ya tsotsa, yana zagi, yana dariya, har da gaisuwar safe. Bai taɓa cewa ga Marken Bube ba, bai kuma taɓa cewa ba ita ba ce. Da Ruqayya ta tambayi dalilin da ya sa dangin nasu farare ne, ya ce kaset ne ya koɗe.

Kowace shekara in alhazai suka cika gari, Khadijatu kan dafa shinkafa da miyar kuka da tuwo, Awwalu ya ɗauki kuloli ya bi masaukan Misfala bene-bene. Ya yi sallama, ya ajiye, ya tambaya: "Ko akwai wanda ya fito Marken Bube?" A ce babu, ya yi godiya, ya wuce. Ruqayya ce 'yar rakiyarsa. Tana da kamar shekara goma sha biyu sanda suka shiga ɗakin wasu hajiyoyin Kano, wata mai haƙorin Makka ta jawo ta jiki tana yaba kyanta. Ruqayya ta tattaro 'yar Hausarta ta ce, "Hajiya, bana ƙanƙara ta rufe dutsen gida sosai?"

Ɗakin ya fashe da dariya. Wata ta kwanta a katifa tana dukan ƙasa. Wata ta leƙa ɗaki na gaba tana kira, ku zo ku ji 'yar Takari, wai ƙanƙara a Sakkwato! Ruqayya ta waiwaya ta nemi idon mahaifinta. Yana bakin ƙofa yana ta gyara murfin kular da ba ta buɗe ba.

Daga ranar ba ta ƙara zama gaban bidiyon ba, Hausar ma ta janye daga bakinta, ta koma amsa masa da Larabci. Ta girma, ta yi karatun jinya, ta auri Hatim, ɗan unguwarsu, ta kama aiki a wani ƙaramin asibiti a Misfala, inda kusan duk mai shigowa ƙafa ce ta kumbura ko murya ta dishe. A can ne, tana ganin yadda ake sauke alhazai jiha-jiha, ta lura da abin da ya wuce ta tun tana yarinya. Ta bi hanyoyin da suka riƙa bi da kuloli a cikin kanta. Sun je wa mutanen Legas, sun je wa na Barno, na Kumasi, na Kano sau ba adadi. Layin da Sakkwatawa ke sauka kuwa, kullum sai ya ce can masu kai abinci sun yi yawa, a bar wa marasa gata. Shekara da shekaru mutumin nan yana ƙwanƙwasa kowace ƙofa, ban da wadda za a iya amsa masa.

Ta daɗe tana juya abin. Ta fara zaton kunya yake ji, kada 'yan garinsu su gan shi bakanike. Daga baya ta ga ba haka ba ne. Mutanen Usta korar su aka yi, aka rufe iyaka, saboda haka kukansu yana da dalilin da kowa zai gane. Lurwanu kuwa da ƙafarsa ya fito, ba wanda ya bi shi da bindiga, kuma jirgi na tashi daga Jidda ya sauka Nijeriya kafin a gama narkar da abincin rana. Takardun Awwalu lafiya suke, 'ya'yansa sun sha yi masa tayin tafiya. Garin yana nan, hanya a buɗe. Abin da babu tabbas a kansa shi ne ko akwai wanda ya san da su a can. Ruqayya ta gane cewa mahaifinta kishin Usta yake yi. Ya ari dutsensa, ya ari iyakarsa, don shi ma ya samu abin da zai ce ya tare masa hanya.

Ranar da wani mai Umara ya zauna a gabanta da tafin ƙafa a salɓe, ta tambaye shi garinsu kamar yadda take tambayar kowa, ya ce Marken Bube, sai da audugar ta faɗi daga hannunta. Sunansa Malam Mudassir, malamin firamare ne, mai yawan fara'a. Ta gayyace shi cin abinci bayan Juma'a tun kafin ta gama naɗa masa bandeji. Ta ce wa kanta don Baba ta yi. Amma da ta ji busar nan ta ratso bango, ta san akwai wata yarinya a cikinta da ke tsaye har yanzu a ɗakin hajiyoyin Kano, tana jira a biya ta.

Ranar Juma'a Hatim ya ɗauko baƙon daga Harami. Awwalu ya fito da farar jallabiya da hular da yake ajiye wa Idi, ya rungume shi kamar ba shi ne mai cewa shinkafar banza ba. Aka shimfiɗa leda, aka jera abinci. Awwalu ya kama magana bai saki ba. Ya yi tarihin tsire a Makka, ya yi na motocin da da na yanzu, ya tambayi kuɗin jirgi, ya tambayi lafiyar ƙafa sau uku. Duk sanda Mudassir ya buɗe baki da "Ai a garinmu," sai a tura masa cinyar kaza.

"Ci, Malam, ci. Ba ka ci komi ba."

"Wallahi Baba na ƙoshi. Dama cewa na yi in nuna maka gida. Kafin in taso na ɗauki kasuwarmu a waya, don in na yi kewa in duba."

Ya goge hannu ya ciro wayar. Ruqayya tana bakin ƙofar falo da tiren shayi. Ta ga mahaifinta ya shafa ƙirji, ya shafa gefen kujera.

"Kash. Tabarau na bari gareji. In babu shi ko giwa ba ni gani. Bari sai wani lokaci."

Hatim ya dubi ƙasa. Daga inda take tsaye tana hango ƙafar tabaran ta leƙo daga aljihun jallabiyar. Tana iya ajiye shayi ta juya, baƙo ya koma masaukinsa, jibi ya hau jirgi, komai ya zauna yadda yake.

"Yana aljihunka, Baba," ta ce, da Hausa.

Ya ɗago ya dube ta. Babu fushi a idon. Kallo ne irin na wanda aka kama hannunsa a tsakiyar titi, bai sani ba tsallakar da shi za a yi ko tura shi. Ya ciro tabaran ya saka, ya karɓi wayar da hannu biyu.

Ƙasa ce shimfiɗe, ja-ja, har inda ido ya tsaya. Babura sun yi layi a gaban wani shagon cajin waya. Ga tankin ruwa a kan ƙarfe, ga rumfunan kwano, ga buhunan albasa, ga akuya tana cin kwali. Hoton yana girgiza saboda mai ɗauka tafiya yake yi.

"Ina marken?"

"Wane marke, Baba?"

"Na bakin kasuwa."

Mudassir ya sosa ƙeya. "To, ni dai na tashi ban gan shi ba. Sunan ne ya rage. Amma akwai dogon yaro da yawa."

"Rijiya fa?"

"Burtsatse muke sha yanzu. Akwai wata tsohuwa bayan masallaci da anka rufe da kankare, ko ita ce?"

Awwalu ya ci gaba da kallon wayar. Ruqayya ta jira ta ji daɗin da ta yi shekaru tana tanadi, ba ta ji komai ba sai nauyin tire. Bidiyon ya ƙare ya sake farawa da kansa. A karo na biyu, wajen buhunan albasa, wata mace da ba a gani ta ɗaga murya daga bayan rumfa: "Ke ɗiyar nan, mi kika yi nan tun ɗazu? Taho maza, rana ta yi!"

Awwalu ya zabura kamar da shi ake. Ya kifa wayar a kan gwiwarsa, hoton ya koma ƙasa, ya ce a ƙara murya. Hatim ya miƙa hannu ya ƙara. Tsohon ya cire tabaran, ya rufe ido, ya kasa kunne irin yadda aka koya masa sauraron inji. Hayaniyar kasuwa ta cika falon, ana ciniki, ana rantsuwa, wani yana dariya, kowa da irin harshen da aka daina yi a gidan nan tun ranar da aka fitar da gawar mahaifiyarsa. Matar ta sake kiran ɗiyarta. Leɓunansa suna motsi, amma wannan karon bai ɗora wa kowa magana ba.

"Haka Inna ka kira na," ya ce. "Haka dai."

Ya saurara har shayin ya huce. Mudassir ya ce in yana so a tura masa a wayarsa. Ya girgiza kai, sannan ya ce a tura wa Ruqayya, ita ta iya waɗannan abubuwa. Bai dubi inda take ba, ita ma ba ta iya duban inda yake ba. Ta tsugunna tana tattara kofuna, tana jin Khadijatu a bayan labule tana jan hanci.

Mudassir ya gyara zama. "Baba, wane gida ne naku? In na koma sai in bincika. Akwai tsofaffi har yanzu, akwai wani Liman da ya haura tasa'in, ba abin da ya manta."

Awwalu ya miƙe ya ce la'asar ta gabato, kada baƙo ya rasa sahu. Ya shiga ciki ya fito da dabino da darduma da turare a leda, ya danƙa masa. Ya ce shi zai raka shi, ya hana Hatim riƙe masa hannu a matakala. Ruqayya ta bi su a baya har ƙasa. A ƙofar benen hayaƙin masu tsire ya taso, wani ya ɗaga wuƙa ya gaishe da Baba Awwalu. Mudassir ya sa ƙafa ɗaya a waje. Tsohon ya kama hannun rigarsa, ya riƙe, ya daɗe bai saki ba.

"In ka isa, ka je wurin Limamin nan. Ka ce ɗan Lurwanu, wanda ya tafi hajji, yana gaishe su." Ya rage murya. "In sun ce wane Lurwanu, kada ka bugo ka faɗa mini."